Likitar Zomaye

Auta ta miƙar da ƙafar zomanyar a kan farantin ɗaukar hoto, ta danne ta da filasta, sannan ta ja da baya ta laɓe a bayan allon kariya. Allurar barci ta kama dabbar sosai, kunnuwanta sun zube shame-shame. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta yi ƙara, ta yi shiru. A aljihun farar rigarta waya ta sake yin rawa, ita kuwa ta yi kamar ba a jikinta take ba.

Ba sai ta duba ba. Malama ce, babbar 'yar yayarta, kuma maganar guda ce tun jiya: Yaya ta ƙi yarda a yanke ƙafar. Likitan ƙashi ya ce ruɓar ta fara haurawa sama, in aka wuce yau ba a cire ba za ta shiga jini, daga nan kuma ba zancen ƙafa ake ba, zancen rai ne. Yaya ta ce ko kusa. Ita ƙanwarta take jira ta kawo mata abin nan da take sa wa zomaye.

"Ke! Zo ki gani, zo ki gani!" Farfesa ne, shugaban aikin nasu, ya ƙwala mata kira daga gaban kwamfuta, tabaransa a kan goshi, yana lalube yana neman su a kan tebur.

Aikin nasu ba wani boyayyen abu ba ne. Auta ce mai wuƙa. Takan cire ɗan guntu daga ƙashin ƙafar gaba ta zomo, ta bar giɓin da ba zai iya haɗewa da kansa ba. Rabin zomayen ta naɗe musu giɓin da wani farin tantani da ake haɗawa a ɗakin gwaji, rabi kuma ta ɗinke su haka nan. Tsoka gaggawa gare ta, ƙashi kuwa nawa. In aka bar su su biyu, tsoka ce ke riga ta cike wurin, ƙashi ya zo ya tarar ba masauki. Tantanin shi ke tare tsokar, ya riƙe wa ƙashi wurinsa har ya iso, sannan ya narke a jiki. Shekarun da ta kwashe a kan wannan ke nan, har ta fara furfura a gefen kunne.

Ta matsa ta leƙa. Inda ta bar rami baƙi watannin baya, yanzu fari ne tas, ƙashi ya miƙo daga can ya miƙo daga nan sun gaisa a tsakiya.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

"Au, shi ke nan? Haba baiwar Allah, ki ɗan yi tsalle mana! Duk warin kejin da muka sha!" Ya buga tebur, tabaran suka faɗo masa a hanci. "Baɗi sai tumaki in Allah ya yarda. Ni dai ban san ko zan ga ranar da za a sa wa mutum ba, amma ku yara za ku gani." Shi kaɗai ya rage a duniya yana ce mata yarinya. Idonsa na kan allon ya ƙara da cewa, "Ya mai jikin?"

"Da sauƙi," ta ce, kamar yadda kowa ke cewa.

Ta tsaya tana kallon hoton. Farfesa ya ja shi ya cika allon gaba ɗaya, ƙashin ya yi kauri ya yi tsawo, wanda bai sani ba sai ya rantse ƙwaurin ƙaton mutum ne. Daga irin wannan hoton duk masifar ta samo asali.

Sati na farko da mota ta banke Yaya a bakin kasuwa, dangi sun cika ɗakin jinya maƙil. Auta tana can gefen taga, inda takan tsaya a kowane taron gida. Ba wanda ke ƙinta, ba kuma wanda ya san abin da zai ce mata. Aurenta ya mutu da wuri, ba ɗa ba jika, kuma duk karatun da ta yi a ganinsu a kan zomo ya ƙare. Likitar zomaye suke ce mata, har jikokin Yaya. Ranar ma da tsokana aka fara, wani suruki ya ce, "To likita, ko za ki gwada mana irin ta zomayen?" Aka yi dariya. Ita kuma abin ya ɗan sosa mata rai, ta ciro waya ta nuna musu hotunan gwajin farko: ga giɓi, ga shi ya cike. Ta riga ta ja hoton don ya fito da kyau, har rular da ake ajiyewa a gefe ta fice daga ciki.

Ɗakin ya yi tsit. Waya ta bi hannu hannu. Da ta isa wurin Yaya sai ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Ashe aikin da kike yi ke nan, Auta."

Wallahi daɗin da ta ji ranar ba ta taɓa jin irinsa ba, ko ranar da ta karɓi digiri. Ta dai ce, "Ba a kai ga mutane ba tukuna," amma can ƙasa-ƙasa ta faɗa, kuma ba ta ce musu ƙashin nan bai kai kaurin fensir ba.

Da tiyatar farko da aka yi wa Yaya ta ƙi, ta biyu ta ƙi, ciwon suga ya hana rauni rufewa, mugunya ta shiga ƙashi, sai ido ya dawo kanta. Kullum amsarta ɗaya: doka ba ta yarda ba. Ta ga ya fi mata sauƙi ta laɓe a bayan doka da ta ce aikin nata bai kai inda suke zato ba. Su kuma abin da suka ji shi ne tana da magani a aljihu, tana tsoron kada a kore ta daga aiki. Gaisuwa ta fara gajarta. In ta shigo ɗaki hira ta mutu. Daga baya ita da kanta ta rage zuwa. Ta tashi daga aiki ta wuce ɗakinta, ta dafa shayi a kofi ɗaya, ta wanke shi ta kife, ta zauna tana jin hirar maƙwabta ta bango. Kwanan nan ma zomayen ne abokan maganarta, su kuwa ba sa amsawa sai dai su motsa hanci.

Ta cire wa zomanyar filasta, ta mayar da ita keji, ta lulluɓe ta da tawul don kada sanyi ya kama ta kafin ta farfaɗo. Sannan ta buɗe durowar ƙasa. Akwai tantani guda da ledarsa ta huje, ba shi da sauran amfani a tiyata, da wani busasshen ƙashin zomo da suke nuna wa ɗalibai.

"Ranka ya daɗe, zan ɗauki waɗannan. Zan je asibiti."

"Ɗauki mana, ai shara ce," ya ce bai juyo ba. "Ki gaishe ta."

Sai da ta zauna a bas ta ga matar da ke kusa da ita tana yatsina fuska tana jan mayafi zuwa hanci, sannan ta kalli ƙafarta. Kash! Ta fito da takalman roba na ɗakin dabbobi, har da ɓurɓushin ciyawa a jiki. Ta tura ƙafafun ƙarƙashin kujera. A gabanta wasu mata biyu sai musu suke a kan wanda ya fara ɓata wa wani rai tun suna yara, daga ji ya da ƙanwa ne, kowacce tana tura wa 'yar'uwarta ledar gyaɗa tana ci gaba da masifa. Auta ta juya ta kalli titi har aka iso.

A barandar ɗakin mata dangi ne reras a kan benci, wasu a kan tabarma, ga kwanukan abinci an jera jikin bango. Ta yi sallama. Aka amsa mata a ciki-ciki, ba wanda ya matsa ya ba ta wuri. Malama ce ta miƙe, idanunta sun kumbura, alli na nan a gefen hannun rigarta, daga gani daga aji ta taho.

"Inna, kin kawo?"

"Ina so in ganta ni kaɗai."

"Kin kawo ko ba ki kawo ba? Tun safe nake kiranki. Likita ya shigo ya fita ya shigo, Umma ta ce ba mai taɓa ta sai kin zo. Inna, ƙafar nan da za a yanke, ita ta taka keken ɗinki dare da rana har kika zama abin da kika zama. Don Allah wane irin aiki ne ya fi ta?"

"Na sani, 'yar nan."

"Kin sani!"

Auta ta tura ƙofa ta shiga.

An ja wa Yaya labule a gadon ƙarshe. An fesa turare, amma warin ya fi ƙarfinsa, kuma hancin Auta ya san wannan warin, ya san abin da yake nufi. Matar da a da muryarta ke cika shago ta koma 'yar mitsitsiya a kan matashi, leɓɓanta sun bushe da zazzaɓi. Ƙafar dama tana kan filo, ƙarafa sun huda ta ta ko'ina, yatsun sun yi duhu. A ƙarƙashin gado ga takalman nan: sababbi, na fata, ruwan ƙasa, har yanzu da takarda cushe a cikinsu. Washegarin ranar da ta ga hoton ta aiki Malama ta sayo mata su, ta ce da su za ta taka ta fita daga asibitin nan.

"An ga dama an zo," in ji Yaya.

"Sannu da jiki, Yaya."

"Jiki ga shi nan kina gani. Ke kuma me ya same ki kika rame haka? Mutum ya kulle kansa a ɗaki kamar mujiya, ba mai ce masa ci." Ta miƙo tafin hannu. "Ba ni in gani."

Auta ta zauna a bakin gado. Ta ciro ƙashin ta ɗora mata a hannu, ta yage ledar ta ɗora tantanin a gefensa. Bai fi kan sarkin da ake manna wa wasiƙa girma ba. Hannun Yaya zafi rau.

"Mene ne wannan kuma? Tsinke?"

"Shi ne ƙashin da kika gani a waya. Iyakar girmansa ke nan. Wannan kuma shi ne abin da nake naɗawa."

Yaya ta ce a miƙo mata tabaranta. Ta sa, ta ɗaga tantanin wajen hasken taga, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta ɗan ja gefensa ta ga ko zai saki, yadda take yi wa kowane yadi da aka kawo mata shago.

"Saƙar ta yi kyau," ta ce. "To a yanko babba mana. Ko ƙyallen ne ya ƙare muku?"

"Ko an yanko kamar zani ba zai yi ba, Yaya. Zomayena lafiyayyu ne, matasa. Ni nake yanka musu da wuƙa mai tsabta, ɗan wuri kaɗan, ba suga, ba mugunya. Naki ƙashin ya mutu. In aka naɗa masa wannan ba abin da zai tsiro a ƙarƙashi, ruɓar ma zai rufe ta ƙara samun wurin ci."

"Ba dokar ba ce ke nan."

"Akwai doka. Amma ko babu ita ba zai yi ba."

Yaya ta cire tabaran a hankali. Can waje wani yana tura keken marasa lafiya, ƙafarsa ɗaya tana ƙiiƙii har ya wuce.

"To me ya hana ki faɗa min haka tun farko?"

"Ranar nan kin ce ashe aikin da nake yi ke nan." Auta ta sunkuyar da kai. "Ban so ki fasa ba."

"Lalle!" Yaya ta kafe ta da ido. "Kika bar ni kwance ina ruɓewa, ina korar likitoci, ina ce wa mutane ƙanwata na nan tafe, don kada a raina ki? Auta, kanki ɗaya kuwa?"

Hawaye ya zubo wa Auta, kunya ta hana ta ko sharewa. Ta ji dama ƙasa ta tsage ta shige, ita da farar rigarta da zomayenta gaba ɗaya. Sun daɗe a haka, Yaya tana juya ɗan ƙashin a hannu tana numfashi da ƙyar.

"Daga zomayen sai wa?"

"Tumaki."

"Daga tumakin fa?"

"Sai an ga yadda suka yi. Shekaru ne, Yaya. Da yawa."

"Tabɗi! Ashe ni bayan tumaki nake a layi." Dariya ta ƙwace mata, wata irin busasshiya, ta yi ta yi har ta koma tari, Auta ta tallafo kanta ta ba ta ruwa. Da ta lafa sai ta kwanta tana kallon silin. "Na sha mayar wa mutane da riga," ta ce. "Su kawo min ta mutu murus, su ce in yi mata maho. In ce ba inda zare zai kama, su tafi suna zagina a hanya, wai na yi girman kai."

Ta juyo da kai, idonta ya sauka ƙasa.

"Wai wannan mene ne a ƙafarki? Haka kika ratso gari? Kai, Allah ya shirye ki. Cire su, warinsu ya fi na ƙafata." Ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa. "Jawo waɗancan."

"Haba Yaya."

"Na ce ki jawo. Lambarmu ɗaya tun kina sace min na zuwa makaranta. Ko so kike yaran nan su zo gobe su tarar da su a nan, su rasa yadda za su yi da ɗayan?"

Auta ta durƙusa ta jawo su. Ta zare takardun ta ajiye, ta cire na robar ta tura su can ciki. Ta sa na hagu, ta sa na dama. Suka zauna mata cif.

"Tashi ki taka in gani."

Ta tashi. Ta taka zuwa bakin labule, ta juyo ta dawo. Sabuwar fata ce, kowane taku sai ta yi 'yar ƙara a kan siminti. Yaya ba ta kalli fuskarta ba ko sau ɗaya, ƙafafun kawai take bi da ido, kamar mai duba ɗinkin da za a fita da shi.

"Sake."

Ta sake.

"Na san za su yi kyau," in ji Yaya. Ta dunƙule hannu a kan tantanin da ɗan ƙashin, ta tura shi ƙarƙashin mayafi. "Wannan ki bar min. Kuma kada ki ɗauka na huce, ban huce ba." Ta rufe ido. "Wuce ki kira min likitan. Ke za ki kira shi, ba wani ba."

Auta ta ɗaga labule ta fita. Da ta buɗe ƙofar baranda duk suka miƙe tsaye, Malama a gaba, bakinta a buɗe da tambaya. Ba ta kai ga yin ta ba. Idonta ya faɗa kan takalman, ya tsaya a nan. Ɗaya bayan ɗaya sauran ma suka kalli ƙasa, suka gane Yaya ta haƙura da ƙafar. Wata ta fara salati, Malama ta dafe bango ta sulale, mata suka rufu a kanta suna riƙe ta, suna ba ta haƙuri.

Ba wanda ya tambayi Auta komai. Suka dai dare suka ba ta hanya, hanya mai faɗi, fiye da yadda mutum ɗaya ke buƙata. Waya ta yi rawa a aljihunta, wataƙila Farfesa ne da sauran hotunan. Ofishin likitan yana can ƙarshen barandar, ta miƙe ta nufe shi, takalman suna ƙara a kowane taku.